Ƙusoshi Masu Jan Ƙyalle

Kowace safiya a garin San Antonio, tsoho Evelio kan zauna wasan domino da abokinsa Nicasio, ga kofi mai ɗaci a gabansu. Dukansu tsofaffin makanikan jiragen yaƙi ne, kuma gardamarsu ɗaya ce shekara talatin.

"Jirgin Amurka ya fi gani, ya fi juyi," in ji Evelio. "Na Rasha kuwa akwatin gawa ne mai fiffike."

"Kai tsohon banza, ka taɓa ko shafa na Amurkan?" Nicasio ya buga domino a kan tebur. "Na Rasha ko a gonar rake ya sauka zai tashi. Kujerar tsirarsa fa? Muddin makanike ya zare ƙusoshin nan biyar masu jan ƙyalle ya sa a aljihu, direba na jan hannu za ta cilla shi sama."

Nan Evelio kan tashi, ko kofinsa bai shanye ba.

Ba mai ganin laifinsa. Ɗansa tilo, Reinier, direban jirgin yaƙi ne, kuma a jirgin Rasha ya mutu. Injin ya kama wuta, aka ji shi a rediyo yana cewa ya ja hannun, kujerar ba ta motsa ba. Tun ranar Evelio bai ƙara taka sansanin jiragen ba. Abin da ya rage masa daga aikin wani gwangwanin taba ne da ba ya bari kowa ya buɗe.

Da ciwon matarsa Onelia ya tsananta, ta kama hannunsa.

"Tsohona, kai ka san jirage. Faɗa mini gaskiya in tafi da ita. Babu wanda ya yi wa yaron nan sakaci?"

"Babu kowa, Onelia. Ƙirar jirgin ce."

Ta saki ajiyar zuciya. Ranar Lahadi da hantsi ta cika, fuskarta a sake.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Evelio ya rufe ƙofa, ya ɗauko gwangwanin. A ciki akwai ƙusoshin da ya zare da hannunsa daga kujerar Reinier a safiyar ranar hatsarin, yana sauri, ɗansa na tsokanarsa daga saman jirgi: "Baba, tsufa ya zo!"

Ya jera su a kan gado, ya sake ƙirgawa kamar kullum, ko lissafin zai canza.

Huɗu ne.