Ruwan Wankan Jego a Ƙasar Wasu

Ranar Talata, tara ga Afrilun 2019, gari ya waye da yayyafi da sanyi a wani birni na bakin teku can ƙasar Turawa. Da safen nan wata malamar makaranta mai ritaya, mutuniyar Zariya, ta hau bene tare da 'yarta da surukinta don su duba gidan da za su haɗa hannu su saya. 'Yar tata ta fari ce, cikinta ya tsufa, aiki kuma ya hana ta zuwa wankan gida. Sai uwar ta ce tunda yarinya ba za ta zo gida ba, gida zai je mata. Ta ɗauro kanwa da yaji da daddawa ta taho, ta tarar da su a ɗaki ɗaya na haya, wanda ko tabarmar baƙo ba ta da wurin shimfiɗawa.

Ginin sabo ne fil, yana ƙamshin fenti, tagoginsa na kallon teku. Dillalin da ya kai su ya ce abu ɗaya ya rage, wata takarda da hukumar gari take bayarwa bayan ta duba gini ta yarda ya isa a zauna a ciki, kuma tana nan tafe. Malamar ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. A garinsu, in an yi rufi an sa ƙofa gida ya samu, sauran a ciki ake ƙarasawa. Nata gidan ma ta shige shi ba siminti a tsakar gida, ta haƙa rijiya daga baya. Da suka koma masauki ta zauna ta rubuta wa yayarta Tabawa wasiƙa, don ita Yaya Tabawa ba ta yarda da labarin waya, sai wanda za ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi. Ta rubuta mata, "Yaya, mun sami gida." Ta liƙa kan sarki ta sa a jaka, ta ce sai an sa hannu a takardar cinikin gidan za ta aika.

Washegari da aka koma, surukin yana auna tagogi, ita kuwa hankalinta na kan abin da ya kawo ta: ruwan zafi safe da yamma har a yi arba'in. Ta shiga banɗaki ta murɗa famfo. Ruwa ya zo siriri, ya yi tari, ya tsaya, ya sake zuwa. Ta leƙa ta taga ta ga tiyo ya taso daga wurin magina ya shige ta gindin bango. Ba ta iya kiran sunan 'yar fari, sai ta yafito ta da hannu.

"Ke, tambayar mini mutumin nan, ranar da magina suka naɗe tiyonsu, ruwan wa za mu tafasa?"

"Haba Mama, nan fa ba Tudun Wada ba ne, ruwa ba ya yankewa."

"To, ai tambaya ba ta cin kuɗin mota. Tambaye shi."

Dillalin ya yi murmushi ya ce komai zai daidaita, amma bai faɗi rana ba. Malamar ta yi shekaru tana sauraron amsar ɗalibin da bai yi karatu ba, ta san kamanninta ko da wane yare aka ba da ita. Ta roƙi surukinta, cikin kunya, ya nemo lauyan da ba ruwansa da mai ginin. Lauyan ya warware musu zance. A garin nan, ya ce, in babu takardar izinin zama, ba za a sa maka mitar ruwa ko ta wuta da sunanka ba, ba a kuma haƙa rijiya, ba a tayar da janareto a kan bene. Mukulli a hannu ba ya nufin hukuma ta san da zamanka. Ya ƙara da cewa mai ginin ya ɗora hawa ɗaya a kan abin da aka amince masa, shi ya sa takardar ta maƙale.

Suka haƙura da kallon teku. Suka sami wani tsohon gida a bayan kasuwar kifi, ɗakunansa ƙanana, tagarsa na kallon bangon maƙwabci, amma takardarsa na nan da hatimin hukuma, malamar ta riƙe ta da hannunta kafin a biya. Can aka kawo jaririya daga asibiti. Famfo ya yi ta ba da ruwa, madubin banɗaki bai rabu da tururi ba, ƙamshin kunun kanwa ya riƙa sauka har ƙofar maƙwabta. Wata rana sun wuce ta gaban sabon ginin, ta hangi wani magidanci yana hawa bene da jarkoki biyu, ta yi masa addu'a a ranta.

Bayan an yi arba'in ta zaro wasiƙar nan daga jaka, duk ta yamutse. Ta buɗe ta karanta, ta ga babu abin gyarawa. Ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, "Da ruwansa," ta sake liƙewa, ta goya jikarta ta taka har akwatin gidan waya ta jefa.

Duk mai shirin sayen gida a ƙasar da ba tasa ba, ya tuna da tiyon nan. Hausawa sun riga sun faɗa: matambayi ba ya ɓata.