Gyaɗa Tara a Ƙaramin Gida

Tun bayan girgizar ƙasar da aka yi ranar tara ga Safar, shekara ta 1489 bayan Hijira, doka ta wajabta wa kowane maigida ya gina ƙaramin kwaikwayon gidansa da irin ƙasar gidan, ya kai makarantar unguwa a jijjiga shi bisa tebur, jama'a su ga yadda gini ke faɗuwa. Wanda nasa ya zube, a tashe shi da iyalinsa.

Malam Ilu magini ya ajiye nasa gaban Malama Turai, mai kula da gwajin.

"Baba, ga gyaɗa," in ji ta. "Ku sa ƙwaya ɗaya a makwancin kowa."

Ya jera tara. Ta mahaifiyarsa, wadda ta shekara uku ba ta iya tashi, ya tura ta ƙarƙashin soron da kakansa ya gina.

Malama ta murɗa hannun teburin. Kwaikwayon maƙwabcin Ilu ya dare, ya murƙushe gyaɗa huɗu, mai shi ya yi salati. Na Ilu ko ƙura bai zubar ba.

"Kun ga aikin magabata?" ta ce wa jama'a. "Baba, ku koma gidanku lafiya."

Ya karɓi takardar izini. Shi kaɗai ya san ya cuɗa siminti cikin ƙasar kwaikwayon, domin tsohuwa ta rantse ba za ta bar ɗakinta ba.

Da shigarsa zaure ya ga ruwan randa yana karkarwa, alhali babu wanda ya taɓa ta.