Toshe Kunne Sai Matsorata

"Toshe kunne sai matsorata!" Haka mijina Warwick yake yi mini tsiya a gaban abokansa, yana manne da lasifika duk ranar da gwanayensa, makaɗan kiɗan metal mai tsananin ƙara, suka zo Geelong.

A wasansu na bankwana jita ta yi tsit. Mawaƙin ya kare ido daga hasken fitila yana dube-dube. "Ina tsohon nan da bai taɓa fashi ba? Warwick, hawo, waƙar ƙarshe taka ce!"

Warwick bai motsa ba. Ya juyo yana kallon leɓena, kamar yadda yake yi tun bara da ya kurumce.

"Me ɗan iskan yake cewa, Noeleen?"

Na gyara audugar kunnena. "Cewa ya yi an tashi. Mu je gida."