Sharhin Isaiah Mai Rediyo

Isaiah mai gyaran rediyo ya buga tebur har ƙusoshi suka watse.

"Me kike nufi da ba ki gane ba? Miƙo littafin nan!"

Comfort ta miƙa wa ubanta. Tsohon littafin labari ne da aka sa wa 'yan ajin ƙarshe, kuma a kansa za a yi jarrabawar neman karatu kyauta a Kaduna. Gurbi ɗaya aka ba makarantarsu, ita aka zaɓa. Idan ta faɗi, karatunta ya ƙare ke nan.

Malamin adabinsu ya tafi hutu tun bara, rashin tsaron hanya ya hana shi dawowa. Masu kawo littattafai ma sun daina shigowa Birnin Gwari. Dole aka je shagon Auta ya buga mata fotokwafi, ya ɗinke da zare.

Isaiah bai wuce firamare ba. Irinmu ne, waɗanda suka yi digirinsu a bencin mai shayi. Har yau ba a haifi tambayar da za mu ce ba mu san amsarta ba.

Abin da ya ɗaure wa Comfort kai shi ne: littafin ya fara da Idrisu, maraya mai fataucin goro, wanda aka yi wa ƙazafin kisa. Ana tsakiyar farautarsa, ka juya shafi, babu Idrisu. Sai wani Jethro, ma'aikacin jirgin ƙasa, a wani gari can. Ba a sake ambaton goro ba.

Isaiah ya rufe shago ya duƙufa. Masu rediyo suka yi ta sintiri yana korarsu. Ran nan sai ya fito da ihu, ƙafa ba takalmi.

"Jethro shi ne Idrisu! Suna ya canja, ya ɓuya!"

"Baba, Jethro fa uwarsa na da rai."

"Wanda ya ari suna, uwa ce za ta gagare shi ara?"

"To me ya sa rubutun ya ƙanƙance daga nan?"

"Hikimar marubuci ce, sakarya! Mai ɓuya ba ƙanƙan da kansa yake yi ba?"

Lambar shafi ta yi tsalle, ya ce shekarun gudun hijira ne aka haɗiye. Jethro ba ya son duhu, ya ce tsoron kamu ne. Duk ramin da ta nuna masa, sai ya cike shi da baki.

Kuma da gaske yake. Shi ma da riga ɗaya 'yan bindiga suka koro shi daga ƙauyensu Gwaska, manomi mai rumbuna, ya wayi gari yana hura bayan rediyo a bakin kasuwa. Yakan ce shi kaɗai ya san yadda mutum ke mutuwa a shafi ɗaya ya tashi a na gaba. Da ya faɗi haka, Comfort ta daina musu. Ta haddace sharhin tas.

Ranar tafiya ya raka ta tasha, ta shiga mota. Motoci suka jeru bayan motar sojoji, suka nufi dajin da waya ba ta kamawa, kuma daga mota sai zauren jarrabawa. Isaiah ya tsaya yana shaida wa 'yan kamasho cewa yau furofesoshin Kaduna za su koyi karatu daga bakin mai rediyo.

Yana cikin haka Auta ya faka babur, ya ciro wani ƙunshin takardu daga jaka.

"Baban Comfort, gara da na gan ka. Ga ragowar littafinta. Ranar da janareta ya mutu mana ne na rikice, na ɗinke mata rabinsa da rabin wani littafi daban."