Jakin Kuki

Malam Sule ne ya laƙa mani suna Jakin Kuki, sunan da ya kore ni daga makaranta ina aji uku.

An kawo majigi Dutsin-Ma, inda na zo karatu daga ƙauyenmu Kuki, aka nuna wasan zane: zomo na zambatar jaki, mai jakin na jibgarsa. Washegari bayan azahar Malam ya tambaye mu wanda ya burge mu a wasan. Kowa ya ce zomo. Na ce jakin na tausaya wa, ga kaya ga duka.

"Dole," in ji shi. "Ɗan ƙauyenku ne, Jakin Kuki."

Aji ya kwashe da dariya. Har yau, da furfurata, haka ake kirana.

A ranar dai, na miƙe na ce, "Malam, ra'ayina ka tambaya. Da naka kake so, da ka faɗa mana."