Ƙuri'ar da Aka Sace

"Jam'iyyar ma'aikata, ƙuri'a ɗaya!" in ji malamin zaɓe. Jama'a suka kwashe da dariya.

Tsohon tela ya sunkuyar da kai. A shagonsa aka kafa jam'iyyar, tun masaƙar garin tana da rai. Shi ya ɗinka jajayen tutocinta, har kurkuku ya sha saboda ita. Masaƙa ta durƙushe, abokan gwagwarmaya wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu suka bi masu gidan rana.

Da ya koma gida, a ƙofar ɗaki ya tarar da matarsa, wadda kullum take yi wa jam'iyyar ba'a da "taron masu yagaggun riguna". Tana huci, ta ɗaga masa babban yatsanta mai tawada.

"Maigida, wallahi maguɗi ne! Yau na dangwala muku, don kada ka tsaya kai kaɗai. Ai biyu ne, amma sun sace tawa!"

A hankali ya tura nasa yatsan cikin aljihu. Da safe, saboda alkawarin aikin da aka yi wa autansu, babbar jam'iyya ya dangwala wa.