Ranar da Baba Ya Ce In Juya Baya

A shekarar da fari ya ƙone gero, ƙanin Baba ya shigo da shukarsa cikin gonarmu, ya ce ai gurgu ba ya noma. Baba ya kai ƙara. Ni na raka shi kotu, ina ƙaramar yarinya, ina tura masa kekensa duk inda yashi ya riƙe taya.

Mun isa bayan azahar. Ginin yana kan tudu, da doguwar matakala ta siminti, babu ta inda keke zai bi. Masinjan kotu ya leƙo daga sama ya ce, "Malam, an kira sunanka. Ko a cicciɓo ka?"

"A'a, na gode," in ji Baba.

Ya sauko daga keken, ya zura tafukan hannunsa cikin silifa, ya tattare farar rigarsa ta Juma'a. Sannan ya dube ni ya ce, "Uwata, juya baya."

Na juya ina kallon wata darbejiya. Ban ga komai ba, amma na ji komai: ƙarar silifa a kan siminti, jan gwiwa, numfashinsa, da shirun mutanen da ke zaune a baranda.

Kafin ya kai sama, alƙali ya wuce zuwa wata shari'ar. Aka ce wa Baba ya dawo bayan bikin salla.

Baba bai koma ba, gonar kuma ta tafi. A gida ya gaya wa Inna cewa haƙura ya yi saboda zumunci. Har ya rasu ban gyara masa zancen ba. Yau ma da nake faɗa, ji nake kamar na tona masa asiri.